Sankarar Kaluluwa a Doki: Lallaɓawa, Tiyata, Kemo ko Hutar da Shi?

Baffana ya riƙe wani akawal a bargarsa da ke Rikkos har shekara bakwai. Shi ake ɗaura wa sirdin ado ranar Sallah, shi ake arowa idan za a raka ango. Wata shekara da hunturun Jos ya kankama, sai dokin ya fara zubewa alhali bai daina cin harawarsa ba. Aka ce tsutsar ciki ce, aka ɗura masa magani. Aka ce sammore ne, aka yi allura. Sai ƙasan cikinsa ya kumbura tun daga ƙirji har baya, irin kumburin da in ka danna da yatsa wurin zai lotsa ya daɗe bai ciko ba. Ƙarƙashin muƙamuƙinsa kuma kaluluwa ta fito, da tauri kamar goro, ba zafi, ba mugunya. Wata uku muna kame-kame kafin muka haɗu da likitan da ya ce a yanki ɗan ƙullutun a kai ɗakin gwaji. Sakamako ya dawo da sunan da ba mu taɓa ji ba a barga: limfoma.

Baffa ya ce, "To Likita, yanzu mene ne abin yi?" Likitan ya ce, "Alhaji, hanyoyi huɗu ne, kuma babu wadda zan ce maka za ta dawo da shi yadda yake." Waɗannan hanyoyi nake son in jera wa duk mai doki da ya tsinci kansa inda muka tsinci kanmu, domin ranar da aka gaya maka, kanka ba ya ɗaukar lissafi.

Limfoma sankara ce ta wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu shi ne tsare jiki daga cuta. Mazauninsu kaluluwa, saifa, ɓargo da bangon hanji. A cikin sankarorin jini da na kaluluwa ita ce aka fi gani a doki. Sankarar jini zalla, wadda ke farawa daga ɓargo, ba kasafai take kama shi ba. Abin da ya fi ba mai doki mamaki shi ne ba ta jiran tsufa. Ana yawan ganinta a dawaki 'yan shekara 4 zuwa 10, wato lokacin da doki ke ganiyar ƙarfinsa, ko da yake an same ta a dukushi an kuma same ta a tsoho. Ba ta yaɗuwa daga turke zuwa turke, ba ta kama mutum, kuma ba sakacin ɗan barga ne ke kawo ta ba. Ina faɗin wannan ne saboda na ga an kori yaro daga aiki a kan abin da ba shi da hannu a ciki.

Kafin a yi maganar zaɓi, dole a san inda ta zauna, don shi ne ke yanke kusan komai. Akwai wadda ke watsuwa a sassan jiki da yawa lokaci guda, irin ta akawal ɗinmu. Akwai ta hanji, wadda ke sa doki ya ci amma abincin bai kama jikinsa ba, ga ciwon ciki mai tafiya yana dawowa, wani lokaci da zawo. Akwai ta cikin ƙirji, wadda ke tara ruwa a kewayen huhu har numfashi ya gagara. Sannan akwai ta fata, ƙulluttai a ƙarƙashin fata, ɗaya ko da yawa, dokin kuwa yana ci yana sha yana kilisa. Ukun farko suna da muni: daga lokacin da alamu suka bayyana, yawanci makonni ne zuwa 'yan watanni. Ta fata kuwa doki na iya rayuwa da ita shekaru. Wanda ya haɗa su a kwando ɗaya zai kashe kuɗi inda bai kamata ba, ko ya yanke ƙauna inda akwai sauran fata.

A nan ƙasar akwai wani abin da ya sa gwaji ya zama wajibi fiye da a Turai. Cututtukan da ke kwaikwayon limfoma sun yi mana yawa. Sammore yana ramar da doki, ya shanye jininsa, ya kumbura masa ciki. Zazzaɓin da kaska ke kawowa yana yin haka, har idon doki ya yi rawaya. Akwai cutar nan mai bin hanyoyin kaluluwa a ƙafa da wuya, tana fitar da ƙulluttai a jere kamar carbi, suna fashewa da mugunya. Ƙwayar naman gwari ce ke kawo ta, tana yaɗuwa a barga, kuma tana da magani in an kama ta da wuri. Akwai kuma mai kumbura kaluluwar maƙogwaro a ƙananan dawaki, da zazzaɓi da majina mai kauri. Ko ƙullutun da ke fita a ƙarƙashin wutsiyar tsohon kili, shi ma sankara ne, amma wani iri daban da nasa hukuncin. Ido kaɗai ba ya raba waɗannan. Gwajin jini ma ba ya yankewa, sai dai ya nuna ƙarancin jini da alamun kumburi, ya kuma kore sammore da cutar kaska. Abin da ke yankewa shi ne a ɗebi tsoka daga ƙullutun, ko a zuƙo ruwan da ya taru a ƙirji ko a ciki, a duba ƙwayoyinsa. Mu mutanen Jos mun yi sa'a: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana nan Vom tun 1924, ga tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Jos, ga asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ga wanda zai iya tafiyar. Kuɗin wannan gwaji shi ne kuɗin da ba za ka taɓa yin da-na-sanin kashewa ba.

Hanya ta farko ita ce lallaɓawa, kuma ita ce mafi yawanmu za su iya bi. Ana ba doki maganin da ke danne ƙwayoyin sankarar na ɗan lokaci, ko dai firedinisolon ta baki, ko deksametason, wanda 'yan barga ke kira deksa. Sau da yawa cikin kwanaki kaɗan za ka ga kumburi ya sace, kaluluwa ta ragu, doki ya koma cin abinci yana haniniya in ya ji tafiyarka. Haka akawal ɗinmu ya yi, har Baffa ya fara cewa ko gwajin ne aka yi kuskure. Ba kuskure ba ne. Maganin yana sayo lokaci ne kawai. Sankarar takan saba da shi ta dawo, kuma in ta dawo ƙara yawan maganin ba ya cika yin tasiri.

Amfanin wannan hanya a fili yake. Ana yin ta a gida, doki yana turkensa cikin 'yan'uwansa, ba a jigilarsa a mota, maganin kuma ana samunsa a gari. Amma kada a ɗauka wasa ce. Likitoci kan fara firedinisolon a kusan miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin doki. Doki mai kilo 400 ke nan yana bukatar miligiram 400 a rana. In ƙwayar mutane mai miligiram 5 ka samu, guda 80 za a daka a gauraya da dusa kullum. Kuma a kula da suna: akwai wani mai kama da shi, firedinison, wanda cikin doki ba ya ɗaukarsa yadda ya kamata, don haka sayensa asara ce. Illolin su ma sanannu ne. Maganin yana kwantar da garkuwar jiki, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wata cuta da ke laɓe za ta taso. Shi ya sa yi wa doki deksa kafin a tabbatar da abin da ke damunsa babban haɗari ne: in cutar naman gwarin nan ce ko sammore, ka hura mata wuta, in kuma limfoma ce, ka dagula gwajin da za a yi daga baya. Akwai kuma kumburin cikin kofato, wanda ake jin tsoro ga duk dokin da ke kan irin wannan magani, musamman mai ƙiba. Ɗan barga ya riƙa taɓa kofatai safe da yamma. In ya ji zafi, ko ya ga doki yana miƙa ƙafafun gaba yana jingina nauyinsa baya, a kira likita a ranar. Ba a haɗa shi da maganin ciwon gaɓoɓi irin su buta ba tare da izinin likita ba, don haɗin yana cin bangon ciki da hanji. Ba a kuma tsayar da shi rana ɗaya, sai dai a riƙa ragewa.

Hanya ta biyu tiyata ce, kuma ba ta kowa ba ce. Tana da ma'ana ne in sankarar tana wuri ɗaya da wuƙa za ta iya kaiwa: ƙullutu ɗaya ko kaɗan a fata, ko a fatar ido. A nan ina ganin ya kamata mai doki ya dage, ya kashe abin da zai iya. Cire ƙullutu a fata aiki ne da ƙwararren likita zai iya yi doki yana tsaye, da allurar kwantar da hankali da ta kashe zafi, kuma abin da aka cire shi ne za a kai gwaji, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Akwai dawakin da aka cire musu suka yi shekaru abin bai dawo ba, akwai waɗanda ya sake fita a wani wuri aka sake cirewa. Wani abin lura ga masu goɗiya: an ga irin wannan ta fata tana raguwa lokacin da goɗiya ke da ciki, ta dawo bayan ta haihu, saboda wasu daga cikin ƙulluttan suna jin sinadaran haihuwa. Kan haka ne wasu likitoci ke gwada maganin da ke kwaikwayon sinadarin ciki. Saboda haka in ƙullutu ya ragu da kansa, kada a yi saurin cewa rubutu ko jiƙon da aka ba ta ne ya warkar. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne sakiya ko lalas. Ƙullutun limfoma ba maruru ba ne, babu mugunyar da za ta fito. Gyambo kawai za a buɗe wa ƙuda.

Buɗe ciki don yanke sashen hanjin da ya kamu wani babi ne daban. Yana bukatar a kwantar da doki gaba ɗaya, da ɗakin tiyata na manyan dabbobi, da jinya ta makonni, kuma sau da yawa in an buɗe sai a tarar abin ya riga ya bazu. Ban ga dalilin da zai sa in ba wani shawarar ya bi ta nan ba, sai in hoton ciki ya nuna wuri ɗaya ne tak.

Hanya ta uku kemo ce, magungunan kashe ƙwayoyin sankara, kuma ita ce masu dawakin folo suka fi tambaya, musamman wanda ya sayo doki daga Ajantina da kuɗi masu nauyi. Gaskiya ne ana yi a Amurka da Turai, kuma yana aiki fiye da yadda mutane ke zato. Magungunan na mutane ne: saikulofosfamaid, sitarabin, binkiristin, doksorubisin, yawanci a haɗa biyu ko uku tare da firedinisolon. Doki kuma yakan jure su fiye da yadda muke ganin mutum yana wahala. Wani nazari da aka buga a 2019 ya bi dawaki 15 da aka yi wa kemo: 14 sun samu sauƙi, wasu har alamun suka ɓace gaba ɗaya na wani lokaci. Amma da aka duba tsawon rayuwarsu, tsaka-tsakin ya tsaya a wata 8, kuma masu ta fata ne suka fi daɗewa nesa ba kusa ba. Dawaki 15 ba su da yawa, kuma a manyan asibitoci aka yi jinyarsu. Duk da haka darasin a bayyane yake: kemo yana ƙara watanni, ba ya tumɓuke cutar.

Sai mu dawo gida mu auna. Ana lissafa maganin ne da girman jiki, don haka abin da zai ishi mutum ɗaya ba ya kusa da isar doki. Kwalabe ne da yawa a kowane zagaye, zagayen kuma yana maimaituwa bayan mako biyu ko uku har tsawon watanni. Wasu daga cikin magungunan sai a firji, ga halin wutarmu. Ga fargabar jabu. Binkiristin da doksorubisin in suka kuskure jijiya suka zuba a tsoka, wurin ruɓewa yake yi, saboda haka sai an sa robar jijiya mai kyau a kowane karo, ba allurar tsaye a bakin turke ba. Doksorubisin yana taɓa zuciya in ya taru. Kafin kowane zagaye sai an auna jini a ga ko fararen ƙwayoyi ba su faɗi ƙasa ba. In babu likitan da zai tsaya a kan duk wannan daga farko har ƙarshe, to da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kemo da aka fara aka yanke a tsakiya ya ba doki wahalar ba tare da amfanin ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wanda ya shafe mu a Jos musamman. Maganin yana fita ta fitsari da kashin doki na wasu kwanaki bayan kowace allura. Wa ke share barga? Yaro ne, da hannu da tsintsiya, wani lokaci ba ko takalmi. Ina kashin dokin yake zuwa? Masu lambu ne ke kwashewa su zuba wa kabeji da karas da latas. Duk wanda zai yi kemo sai ya tanadi safar hannu da takalmin roba, ya ware turken, ya hana yara da mata masu ciki kusantar wurin, ya kuma binne kashin waɗannan kwanaki maimakon ya sayar. Wanda ba zai iya wannan ba, bai kamata ya fara ba, ko da kuɗin maganin ba ya damunsa. Wa ya dace da kemo ke nan? A ganina, mai dokin da har yanzu yana da ƙarfi yana cin abinci, wanda gwaji ya nuna irin sankarar, mai likita tsayayye da aljihun da zai kai ƙarshe, kuma wanda ya yarda a ransa cewa watanni yake saya. Wanda ke fatan dokin ya koma fili ya buga folo, ko ya yi sukuwa a hawan Sallah mai zuwa, yana sayen abin da ba a sayarwa.

Hanya ta huɗu ita ce hutar da shi, kuma ita ce bakinmu ke nauyin furtawa. Likita yana yin allura mai ƙarfi ta jijiya, doki ya kwanta cikin barci, numfashi ya tsaya cikin mintuna. Ga dokin da ruwa ya cika masa ƙirji yana haki ko a tsaye, ko wanda ciwon ciki ke kayar da shi yana birgima duk bayan kwana biyu, ko wanda ya kwanta ya kasa tashi, wannan ba rashin tausayi ba ne. Doki dabba ce da ba a halicce ta don doguwar kwanciya ba. Nauyinsa da kansa yana danne masa huhu da tsoka. Malamai sun tattauna batun dabbar da ciwonta ba ya warkewa, da yawansu kuma sun ba da damar a hutar da ita don kawar da azaba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya je wurin malamin da ya amince da shi, amma ya je tun dokin yana tsaye, kada ya bari sai tsakar daren da abin ya rikice. A kuma shirya rami tun da wuri. Ƙasar Jos dutse ce, haƙa ramin doki ba aikin awa ɗaya ba ne, kuma dole ya yi zurfi, nesa da rijiya da rafi, domin maganin yana nan a cikin naman, kare ko ungulun da ya ci zai iya mutuwa. Jefa gawa a tsofaffin kududdufan kuza ba hanya ba ce. Mutane na ban ruwa da su.

Akwai wata hanya ta biyar da ba likita ne ke kawo ta ba, dillali ne. Zai zo ya ce, "Alhaji, tun yana da sauran nama a jikinsa, ka sallama kawai." Ko dai a ɗirka masa deksa ya yi sheƙi na mako biyu a sayar wa wanda bai sani ba, ko a loda shi a mota zuwa kudu inda ake yanka dawaki. Ta farkon ha'inci ce tsagwaronta, ɓoye aibin abin sayarwa. Ta biyun kuwa, ka ɗauki dabbar da numfashi ke yi wa wuya ka tsayar da ita kwana da yini a bayan mota cikin cunkoso, sannan naman da ke ɗauke da ragowar magunguna ya shiga cikin mutane. Dokin da aka yi wa kemo ko aka daɗe ana ba shi buta bai halatta ya shiga tukunyar kowa ba. Kuɗin da za a karɓa ba su kai nauyin abin ba.

In aka ɗora hanyoyin a kan sikeli, ga yadda nake ganinsu. Sankarar fata, dokin yana cikin ƙoshin jiki: a cire, a kai gwaji, a sa ido, a ajiye firedinisolon don ranar da ƙulluttan suka yi yawa. A nan ne ma kemo ya fi biyan wahalarsa ga mai hali. Sankarar da ta watsu ko ta hanji, dokin yana ci yana tafiya: lallaɓawa, tare da abinci mai laushi da sauƙin narkewa, bargo in sanyi ya sauko, a sauke masa sirdi gaba ɗaya. Ta ƙirji mai tara ruwa: ana iya zuƙe ruwan ya samu sauƙin numfashi, amma yakan sake taruwa da sauri, kuma a nan tazarar da ke tsakanin hanya ta farko da ta huɗu gajeriya ce ƙwarai.

Abin da ya fi taimakonmu shi ne shawarar da likitan ya ba Baffa ranar da aka fara maganin. Ya ce a samo littafi a rataye a barga. Kullum da safe a rubuta zafin jikin dokin, wanda a lafiyayye yake tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salsiyas, a ƙirga numfashinsa a minti ɗaya, wanda bai kamata ya wuce 16 ba in yana hutawa, a rubuta ko ya cinye abincinsa, ko ya kwanta ya tashi da kansa. Sannan ya ce, "Alhaji, yau da kake cikin natsuwa, ka faɗa mini alamun da in muka gani za mu tsaya." Baffa ya yi shiru, sannan ya lissafa uku: in ya ƙi abinci kwana biyu a jere, in ya kasa tashi sai an ɗaga shi, in numfashi ya zame masa aiki. Aka rubuta su a bangon littafin.

Akawal ɗin ya yi mako tara a kan firedinisolon. Shida daga ciki ya yi su cikin walwala, yaran gida suna kai masa karas daga kasuwar Farin Gada, ana fitar da shi hantsi ya sha rana. A mako na tara ya bar dusarsa ranar Talata, ya sake barinta ranar Laraba. Da asubar Alhamis Baffa ya sauko da littafin daga ƙusa, ya duba abin da ya faɗa da bakinsa, ya ce da ni, "Kira Likita, ka kuma gaya wa masu haƙa su zo da diga."